Wanda Aka Yafe Wa

Shekarar da motar masara ta faɗi da ƙanena, ɗinki nake yi a wata 'yar rumfa a bakin kasuwarmu, can wajen Burumburum. Shi ƙanen nawa ɗan dako ne. Ƙato ne na gaske, in ya saɓa buhu a kafaɗa yakan tsaya ya gama hirarsa tukuna ya wuce. Nakan tsokane shi in ce Allah ya ba shi ƙarfi ya ba ni hankali, shi kuma ya ce to in zo in ɗaga buhu da hankalin mu gani. Mahaifinmu ya riga ya rasu, ƙanen nawa bai yi aure ba, mu biyu ne kawai a gaban Inna.

Wajen ƙarshen shekarun tamanin ne, lokacin da mutanen birni suka fara rububin masara. Da kaka ta yi sai manyan motoci su cika kasuwanninmu, daga Doguwa har Tudun Wada, ana ta lodi. A lokacin ne aka fito da buhu mai hula. Za a cika buhu har ya ƙi rufuwa, sai a yanko wani tsohon buhun a ɗinka masa a baki, a ƙara ɗura masara a ciki. In ka hango shi a tsaye kamar mutum ya sa hula. Masu saye da buhu suke saye, ba da awo ba, saboda haka kowa mai hula yake so. Ban san wanda ya fara abin ba. Mun dai wayi gari mun ga buhun da ba hula ba mai kallonsa.

Direban motar maƙwabcinmu ne, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Tare suka tashi da ƙanena, kwano ɗaya suke ci, kuma Inna ta sha zane su da tsumagiya ɗaya. Motar ba tasa ba ce, ta wani attajiri ce a Tudun Wada.

Ran da abin ya faru, sun yi lodi a wata kasuwa ta wajen Doguwa da hantsi. Al'ada ce 'yan dako su hau saman kaya su bi mota, domin su ne za su sauke a ma'ajiya. Suna gangarowa wata kwana bayan azahar, tayar baya ta fashe, mota ta karkata, ta kwanta a gefen hanya. Sauran 'yan dakon suka watse cikin ciyawa da 'yan raunuka. Ƙanena buhuna suka rufe. Direban ya fito da goshi a fashe, shi ne ma ya riƙa janye buhunan da hannunsa yana kiran sunansa. Kafin magariba mun yi masa sutura, shi kuma direba 'yan sanda sun tafi da shi.

A zaman makoki kowa ya zo. Dillalin da ya tara masarar ya zo, ɗan kamashon da ya yi lodin ya zo, mai motar ya zo da babbar riga yana ta jan carbi. Kowannensu abu ɗaya ya faɗa, kwana ne ya ƙare, Allah ya ba da haƙuri. Na amsa da amin, don gaskiya ne. Amma zuciyata tana tafasa, na kuma rasa wanda take tafasa a kansa.

Bayan sadakar bakwai mai unguwa ya yi sallama ya shigo har tsakar gida. Ya zo da maganar da kowa ya san za a zo da ita. A wajenmu in mota ta kashe mutum ba a cika kai abin gaban alƙali ba. Dangin mamaci ne za su je ofishin 'yan sanda su ce sun yafe wa direba, a gaban shaidu, sai a sallame shi, magana ta mutu. Tun da na yi wayo haka na ga ana yi, ban taɓa jin wanda ya ƙi ba.

Mai unguwa ya ce, "Inna, yaron nan yana tsare. Babban ɗan sandan ofishin ya ce in kin je kin ce kin yafe masa, a ranar zai kwana a gida."

Inna ta ce, "Ranka ya daɗe, in yafe masa me?"

"To, ai shi ne a kan sitiyari."

"Shi ya kashe mini ɗa?"

"Subhanallahi, wa ya ce haka? Ƙaddara ce."

"In ƙaddara ce, me zan yafe? In kuma laifi ne, a nuna mini mai laifin, wallahi yau zan yafe masa. Amma yaron nan da na goya, in tsaya a gaban jama'a in ce na yafe masa, ai na ce shi ne ke nan. Bakina ba zai faɗa ba."

Mai unguwa ya dube ni, na dube shi. Ni kaina a lokacin haushin Inna na ji. Mutum yana kwana a kan siminti, ke kuma kina nan kina tsefe magana kamar kitso. Da ya fita na faɗa mata haka, da muryar da bai kamata in yi wa uwa magana da ita ba. Ba ta yi fushi ba. Ta ce, "Kai da ka ce kana da hankali, je ka nemo mini mai laifin."

Na ɗauka aikin yini ɗaya ne. Na rufe rumfa, na ari keke, na fara da ɗan kamasho, tunda shi ne mai cewa a ƙara ko a tsaya. Na same shi a tasha yana shan rake. Na ce masa kaya sun yi wa motar nan yawa, kowa ya faɗa.

Ya ce, "Malam tela, ka tambayi duk wanda ka ga dama. Yawan buhun da nake sa wa irin motar nan tun ina saurayi, shi na sa mata ran nan. Ko ɗaya ban ƙara ba."

Na ce, "Buhun da kake sawa kana saurayi yana da hula?"

Ya tofar da ɓawon rake. Ya ce shi buhu yake ƙirgawa, ba a ba shi sikeli ba, kuma in ya rage lissafi mai mota zai ce ya cuce shi. Maganar hula kuwa in je in tambayi dillali. Na tashi da niyyar zaginsa, sai na ga ban san da me zan zage shi ba. Abin da ya faɗa haka yake.

Dillalin kuwa har tabarma ya shimfiɗa mini. Ya rantse bai taɓa riƙe basilla ya ɗinka wa buhu hula ba, manoma ne ke ɗinkawa. Na ce ai kai ne ke mayar musu da wanda ba hula. Ya ce to ya zai yi, Alhajin da ke aiko shi daga Kano ya ce kada ya kuskura ya kawo masa buhu mai ƙaramin kai. Ya ƙara da cewa ko da hula ko ba hula, motoci nawa ne suka bi hanyar nan a ranar suka wuce lafiya? Taya ce ta fashe. In je in tambayi mai taya.

Sai na ji kamar na kamo bakin zaren. Washegari na hau mota zuwa Tudun Wada, na nemi mai facin da ke duba tayoyin motar. Tsoho ne, ba ya ɓoye-ɓoye. Ya ce tayar ta suɗe kamar tafin hannu, ya yi mata faci har ya gaji, kuma ya gaya wa mai motar a canza ta. Na ce alhamdu lillahi, yau na samu mutumina. Na nufi gidan attajirin ina shirya kalaman da zan jefe shi da su.

Bai musa ba. Ya ce an gaya masa, kuma ya aika a nemo sabuwa, amma a shekarun nan taya sai wanda ya gani, ko da kuɗinka sai ka yi jira. Ya ce tayar nan da kayan da aka saba da su za ta kai ƙarshen kaka, shi bai san ana ɗora wa motarsa buhun da ya kusa buhu da rabi ba, don ba ya zuwa wajen lodi. Sannan ya dube ni ya ce, "Kuma shi direba ba shi da ido? In ya ga mota ta zauna a kan tayoyinta, wa ya hana shi cewa ba zai tashi ba?"

Na ce, "Da ya ce ba zai tashi ba, za ka bar masa makulli?"

Ya ce wannan kuma wata magana ce daban, ya kira yaro ya kawo mini ruwa.

Har Kano na je wajen Alhajin, ni da ban fi a ƙirga zuwana birni da yatsun hannu ba. Na same shi a ƙofar ma'ajiyarsa, mutum mai fara'a, ya yi mini ta'aziyya har da ƙwalla. Bai taɓa ganin motar ba, bai san direban ba, bai san ƙanena ba. Ya ce shi ma masu masana'antar da yake kai wa a kan sikeli suke karɓa, in bai sayi mai hula ba a kansa asara za ta ƙare. Ya ce shi ya ce a cika buhu, bai ce a cika mota ba. Ya kuma tambaye ni, da gaske yake tambaya, wai wa ya ce 'yan dako su riƙa hawa saman kaya? Ba wanda ya ce. In ba su hau ba, ta ina za su je su sauke?

A motar dawowa na yi ta juya abin har kaina ya yi ciwo. Duk wanda na je wa, ina zaune a gabansa sai in ga yana da gaskiya, in na fito kuma sai in ga yana da hannu. Na so in tsani mutum ɗaya in huta, abin ya gagara. Muna wuce Kwanar Ɗangora sai ga wata motar masara a gabanmu ta karkace kamar tsohuwar rumfa, 'yan dako a sama suna ta dariya suna ɗaga mana hannu.

Na zayyana wa Inna komai. Ta saurara tana tsince wake a faifai. Da na gama ta ce, "To wane ne a cikinsu?"

Na ce, "Duka ne, Inna. Ko kuma ba kowa. Ni ma ban sani ba."

Ta ce, "An tsare duka ɗin?"

Na ce a'a.

Na je wajen limaminmu ko zai raba mana gardama. Ya ce a karatun da ya yi, kisan kuskure ba a barin mutum ɗaya da nauyinsa, jama'arsa ce ke taruwa ta ɗauka tare da shi. Na ce to malam, su wane ne jama'ar direban nan, danginsa ko waɗanda suka loda masa mota? Ya shafa gemu ya ce wannan tambaya ce mai kyau, zai duba. Daga nan na wuce wajen sajan ɗin da ke riƙe da maganar. Shi bai shafa komai ba. Ya ce shi wanda ya samu a kan sitiyari ya sani. In muna son a kamo dillali da ɗan kamasho da mai mota da Alhaji, sai mu kai ƙara, kuma mu shirya yin shekaru muna zirga-zirga, shi kuma direban yana jira a gidan yari. Ya ce ba mugunta ba ce, haka abin yake tafiya.

Ana cikin haka gari ya fara magana. Wai Inna ta riƙe yaron mutane a zuciya, wai ba ta yarda da ƙaddara ba. Matar direban, da cikinta ya tsufa, ta daina shigowa ɗibar wuta. Muna jin kukanta ta kan katanga. Wannan ya fi komai ci wa Inna rai, don kullum ita ce ke dafa tuwon da nake kai wa mijin a ofishin 'yan sanda. Ka ga abin da ya ɗaure wa mutane kai: tana ciyar da shi, ta kuma ƙi cewa ta yafe masa. Ni da nake ɗanta ma wani lokaci ina gane ta da safe, kafin yamma na sake ɓacewa.

Wata rana na kai tuwon, direban ya riƙe hannuna ta tsakanin ƙarafa. Ya rame, ciwon goshinsa ya yi baƙi. Ya ce, "Yaya, ka kawo mini Inna. Ni zan yi mata magana."

Da ƙyar ta yarda. Muka je da mai unguwa da liman. Aka fito da shi, ya durƙusa a gabanta, ya kasa ɗaga kai.

Ya ce, "Inna, ni ne. Na ga motar ta yi nauyi, na ga tayar, na tashi a haka. Ki yafe mini."

Ta ce, "Kai, kada ka yi mini ƙarya."

"Ba ƙarya ba ce, Inna. Na gani."

"Su sauran ba su gani ba?"

"Ni dai nawa na sani. Ki yafe mini don Allah, in je in ga iyalina."

Ba ƙarya ya yi ba, abin da ya ƙara rikita ni ke nan. Ya gani ɗin, kamar yadda kowa ya gani. Inna ta daɗe tana kallon ƙeyarsa. Sannan ta ce, a hankali har sai da sajan ya ce ta ƙara ɗaga murya, "Na yafe maka duniya da lahira." Liman ya yi addu'a, aka shafa. Kafin la'asar yana gida.

Sai ga godiya ta ko'ina. Dillali ya aiko da goro, ɗan kamasho ya zo da kansa, mai mota ya aiko a ce wa Inna Allah ya saka da alheri, ta nuna halin manya. Na lura duk sun sake, fuskokinsu sun washe kamar waɗanda aka sauke wa kaya. Ba ɗaya daga cikinsu da ya ce shi ma a yafe masa. Ina zaune ina kallon goron nan, na ji kamar in watsa shi waje.

Da aka gyara motar, mai ita ya ba wani direban. Maƙwabcinmu ya je neman makullinsa, aka ce masa ai shi da bakinsa ya amsa a gaban hukuma cewa ya ga haɗari ya tashi, wa zai sake ba shi amanar mota? Ya zaga Kiru, ya zaga Bebeji, har Ɗansoshiya ya je wajen wani mai ƙaramar akori-kura. Ko'ina labarin ya riga shi isa. Ba a ce masa mai kisa, mutanenmu ba su da wannan rashin kunyar. Cewa ake yi, ai shi ne wanda tsohuwar nan ta yafe wa. Har yara sun san shi da haka. Buhu kuwa bai fasa sa hula ba, lodi bai ragu ba, 'yan dako ba su sauko daga sama ba.

Daga baya ya koma tura baro a kasuwa, yana wucewa ta gaban rumfata da kayan mutane. Mutumin da in ya taho da mota tun daga nesa ake gane hon ɗinsa. Nakan sunkuyar da kai a kan keken ɗinki in yi kamar zare ne ya harɗe. Kunyarsa nake ji, ban kuma san dalili ba, tunda ni na yi ta faɗa a je a fito da shi, an kuma fito da shi.

Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci yakan shigo gaida Inna. Ta amsa masa sama-sama, ta shige ɗaki. Ya ɗauka har yanzu da saura a zuciyarta, ya taɓa tambayata ko yafiyar ta baki ce kawai. Na ce ban sani ba, don ban sani ba ɗin.

Wata Juma'a da damina ya shigo kamar kullum, ya durƙusa daga bakin ƙofa, tafin hannunsa duk kanta. Ina zaune a gefe ina cin abinci. Ya gaishe ta, ya yunƙura zai tashi, sai ta ce ya dakata. Ta sauko daga kujerarta, tsohuwa da ciwon gwiwa, ta zauna a ƙasa daidai da shi. Ya rikice, ya ce, "Inna, lafiya? Tashi don Allah."

Ta ce, "Ka yafe mini."

Ya waiwayo ya dube ni, ni ma loma ta tsaya mini a hannu. Ya ce, "Inna, me kika yi mini? Ke ce fa kika fito da ni."

Ta ce, "Na san ba kai kaɗai ba ne, na tsaya a gaban mutane na ce kai ne. Ka yafe mini, ɗan nan."

Ya sa hannu ya rufe fuskarsa, kafaɗunsa suna rawa. Ita kuwa tana zaune a ƙasa tana jira ya faɗa.